Lissafi bai gagare ni ba, hanyar Yamai ce ta gagare ni

Ni haifaffiyar Birni ce, cikin Damagaram, kuma lissafi nake koyarwa a wani kwalej na gwamnati, wato ƙaramar sakandare, a nan cikin gari. Duk inda aka zauna ana hirar karatun yara, maganar da na fi ji ita ce wai mata hadda suka iya, maza kuwa su ke da kan lissafi, wai shi ya sa ƴan mata ke tururuwa zuwa aikin likita da koyarwa, samari su nufi injiniya da aikin ƙarfe. Har malamai abokan aikina suna faɗin haka, cikinsu har da mata. Ni dai na zauna a kan benci, yanzu kuma ina tsaye gaban allo, don haka zan ba da labarina yadda ya faru.

Baba baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da takalma, ya kai Kasuwar Dole. Ya yi nisa a karatun allo amma bai taɓa shiga lakwal ba. Abin da ya sa ya sa mu boko, ya gaji da yawo da takarda a hannu yana neman mai karanta masa Faransanci. Yayana ya girme ni da shekara ɗaya, ya maimaita aji a firamare, sai muka koma aji ɗaya, har muka gama lise, wato babbar sakandare, muna tare. Wannan ya sa ina da abin kwatance da ba kowa ke da shi ba: ɗaki ɗaya muka fito, tuwo ɗaya muke ci, mushe ɗaya, wato malami, ke koya mana.

A firamare ba na wuce ta ɗaya ko ta biyu. Yaya ba daƙiƙi ba ne, ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, yana can tsakiyar aji. Ranar da aka ba mu sakamako muka kai gida, Baba zai sa a karanta masa nawa, ya ce, "Madalla, Allah ya yi miki albarka," shi ke nan. Na Yaya kuwa sai an yi zama a kansa. A yi faɗa, a yi nasiha, a kira Kawu ya ƙara, wani lokaci har a yi maganar nemo masa mai koya masa da yamma. A lokacin ina jin daɗi, ina ganin ni ce ƴar lele. Sai da na girma na gane cewa sakamakon Yaya magana ce ta gida, a kansa ake lissafin gobe, nawa kuwa abin sha'awa ne kawai.

Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai san abin da ruwa ke yi wa karatun ƴa mace ba. Garin a kan dutse yake, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, kuma a shekarun da nake kwalej da bazara sai unguwa ta kwana ta wuni famfo bai ɗiga ba. In zai zo, sau da yawa sai tsakar dare. Ƴan garuwa na nan, amma kuɗinsu ba kullum ake da shi ba. Inna za ta taɓa ƙafata ta ce, "Tashi, ya zo." In ɗauki bido da bokiti in fita bakin famfon maƙwabta, inda zan tarar da layi na mata da ƴan mata, kowa da zanenta a lulluɓe, ana hamma ana gardamar wa ya riga wa. Kafin a cika randa da tulu an kusa kiran assalatu. Daga nan sai shara, sai wanke-wanke, sai dama koko, sai in yi wa ƙannena wanka. Yaya yana barci. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa tunanin a tashe shi, ni ma ban taɓa tunanin haka ba. Ƙarfe takwas za mu zauna a aji ɗaya, a ba mu tambaya ɗaya, a auna mu da maki 20 iri ɗaya.

A aji na uku na kwalej, wanda muke ce wa katiriyam, a nan ne ƴan mata suka fara zubewa. Lokacin ne lissafi ke tsananta, haka ma darussan kimiyya na fizik da shimi, lokacin ne kuma jikin yarinya ke sauyawa. Makarantarmu ba ta da makewayi mai ƙofa, balle ruwa, saboda haka duk wata akwai ranakun da yarinya za ta ce kanta ke ciwo ta zauna gida. Lissafi kuwa ba ya jira. In kin rasa darasin Talata, na Alhamis ba zai shiga ba. Wadda muke zama benci ɗaya da ita ta fi ni saurin kama abu, wallahi ta fi ni, kafin Mushe ya gama rubuta tambaya ta ga inda amsar za ta ɓullo. Da aka dawo daga babban hutu babu ita, an ɗaura mata aure. Mun je biki, mun yi anko, mun yi rawa, babu wadda ta ga wani abin baƙin ciki a cikinmu. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ni in na ji wannan adadi, fuskokin ƴan ajinmu nake gani.

Ga kuma wani abu da masu cewa maza sun fi kan lissafi ba su cika ambata ba. A Damagaram, in jarrabawa ta matso, kusan kowace fada ta ƴan lakwal, wato majalisar da samari ke zaman hira, tana da allonta. Su samo falanki su shafa masa baƙin fenti, su jingine shi a bango ƙarƙashin fitilar titi ko ƙofar wani gida mai kuran, wato wutar lantarki, su ɗora shayi, su yi ta warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya har dare ya raba. Wani yayansu da ke lise ko wanda ya dawo hutu daga jami'a ya zo ya gyara musu. Makaranta ce ta biyu, kyauta, kuma ta maza ce zalla. Ni daga an kira magariba ƙafata ba ta sake taka ƙofar gida. Abin da ya cece ni, Yaya ne. Yakan kwafo tambayoyin a kayensa, wato littafin rubutunsa, ya kawo mini, in zauna da fitilar ƙwai ina yi, sau da yawa a daren da ake jiran famfo, tunda dai ba barci za a yi ba. Da safe ya karɓa ya duba, da dare ya je ya rubuta a allo. Sun daɗe a fadarsu suna yaba masa kafin ya gaya musu gaskiya, daga nan suka riƙa aiko shi da masu wuyar, suna cewa a kai wa ƙanwa. Har yau in na haɗu da wasunsu, da furfurarsu, sai sun tuna mini.

Da muka kai turwaziyam, ajin ƙarshe na kwalej, shekarar jarrabawar BEPC, aka raba mana takardar zaɓen inda muke so a tura mu. Abin da nake so shi ne lisen fasaha na Ɗan Kasawa da ke Maraɗi. Tun ina ƙarama nake son wutar lantarki, ni ke gyara rediyon Baba in waya ta tsinke, ni ke kankare kan batir. Na gaya wa Baba bayan sallar isha'i, yana zaune a zaure yana yanka fata.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye wuƙar ya ce, "Maraɗi? Wa zai riƙe ki a can?"

Na ce, "Baba, akwai masu zuwa."

Ya ce, "Maza. Namiji ko a shago ya kwana ba a cewa komai. Ke fa? Ba ni da ɗan'uwa a Maraɗi da zan danƙa masa ke in yi barci."

Maganar ta ƙare a nan. Saura zaɓi tsakanin A, ta adabi da harsuna, da C, ta lissafi da kimiyya. Wani mushenmu ya ga na rubuta C, ya kira ni gefe, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce, "Ƴata, ki sauƙaƙa wa kanki. C sai an kwana ana aiki, ke kuwa ga aikin gida, gobe kuma a yi miki aure. Ki ɗauki A ki samu bak ɗinki na kammala lise cikin kwanciyar hankali." Makin lissafina yana gabansa a rubuce, ya fi na kusan duk mazan da bai kira gefe ba. Na ce masa to, na fita, ban sauya ba. Ƙawayena da aka yi wa irin wannan nasiha, da yawansu sun sauya.

Lise dai na yi shi, mu mata a ajin ba mu cika benci biyu ba. Ba zan ce an tsangwame mu ba. Abin da na fi tunawa shi ne yadda in namiji ya faɗi a allo ake cewa bai yi aiki ba, in ɗayanmu ta faɗi sai a ce ai dama. Wannan "ai dama" ya sa ba ma ɗaga hannu sai mun tabbata ɗari bisa ɗari, alhali lissafi da kuskure ake koyonsa.

Ranar da aka kira sakamakon bak, muna tsaye cikin rana a filin makaranta, mai kira yana karanto lamba da suna. Aka kira ni a zagayen farko. Yaya sai da ya shiga zagaye na biyu, Allah ya taimake shi ya haye. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe, aka dafa shinkafa aka rarraba wa maƙwabta.

A wancan lokaci jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar, ta Abdu Mumuni a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Makarantar injiniyoyi ta EMIG, wadda nake mafarki, ita ma a Yamai take. Ta ma'adinai tana Agadas. Me ke cikin Damagaram? Makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, da makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya duba. Sana'o'i biyun da ake cewa su mata suka fi so, su ne daidai waɗanda yarinya za ta iya koya ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta. Ban ce babu masu son su don Allah ba, akwai, da yawa. Amma a zamaninmu ba a tambaye mu me muke so ba sai bayan an gama shata mana iyakar inda ƙafarmu za ta kai.

An yi zama a gidanmu, har Gwaggo ta zo daga Zango. Ita ce ta fi kowa zafi. Ta ce wa Baba, "Malam, yarinya ta kai munzali, ka tura ta Yamai shekara biyar, wa zai aure ta in ta dawo? Kuma mace da hawa falwaya?" Inna ba ta cika magana gaban Gwaggo ba, amma ranar ta ce mata, "Ai ita ce ta fi ƙoƙari." Gwaggo ta ce ƙoƙari ba ya ɓata, ta yi shi a nan. Baba ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya faɗi abin da na san gaskiya ne: kuɗin mota, da na abinci kafin tallafin gwamnati ya fito, da na takardu, ba zai iya na mutum biyu ba. In ɗaya ne zai tafi, to wanda zai riƙe gidan ne gobe. Na yi kuka na ƙoshi. Ni na wanke wa Yaya kayansa, Inna ta daka masa yaji da ƙuli-ƙuli, muka raka shi tasha da asuba. Ya kasa kallon idona.

Na shiga makarantar horon malamai, na fito, aka tura ni wani ƙauye wajen Mirya a matsayin ƴar kwantaragi. Ajina na zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, in iska ta taso da ƙura mu tashi. A can na ga yaran da ko damar da na samu ba su samu ba, yarinya ta zo aji da farantin talla ta ajiye a bakin ƙofa tana leƙensa. A wannan tsakanin aka yi mini aure. Maigidana ma'aikacin jinya ne, kuma tun kafin a kawo kuɗi na gaya masa cewa ban gama karatu ba. Ya yi dariya ya ce ya ji. Ina jin bai ɗauka da gaske nake ba.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa. Tamu ita ce yanzu ake kira Jami'ar Andre Salifu, da sunan masanin tarihin nan ɗan garin. Abin da aka hana ni zuwa nema sai ga shi ya zo inda kabu-kabu zai kai ni. Na samu aka dawo da ni cikin gari, na tuna wa maigida alkawarinsa, ya cika, Allah ya saka masa da alheri. Na yi rajista a tsangayar kimiyya ina da goyo. Inna ke riƙe mini yaro, ita da ba ta san harafi ɗaya na boko ba, in na dawo a gajiye ta ce, "Ci abinci ki je ki yi karatunki, bar mini shi." Injiniya dai ta wuce ni, shekaru sun tafi, kai ma ya yi sanyi, sai da na koma na tono abubuwan da na sani a lise kamar mai tonon gyaɗa a busasshiyar ƙasa. Amma na samu digirin da ya ba ni damar koyar da lissafi a kwalej. Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙarshen 2011, a kan hanyar Tanut, na ga ƴan fadar Yaya da suka yi makarantun fasaha suna kai takardunsu. Cikin ƴan matan da muka yi lise tare ban san ko ɗaya da ke da irin takardar da ake nema ba. Shi Yaya ya gama, yana aiki a Yamai, kuma shi ya biya mini kuɗin rajista na shekarar farko ba tare da na roƙa ba.

Kada a ɗauka maza su kullum riba suke ci. Ƙofar da aka buɗe musu, ta nan ake fita neman ilimi, ta nan kuma ake ɓacewa. Autanmu yaro ne mai kaifin kai, amma tun yana aji na biyu a kwalej ya ga sa'o'insa suna sayar da esans, wato fetur, a kwalba a bakin titi suna kirga jikkuna da yamma. Ya fara da taya su, ya koma kabu-kabu, da aka gano zinariya a Jado a 2014 ya bi ayari. Ya dawo da rai, alhamdu lillahi, amma babu zinariya babu takarda. Babu wanda ya tsare shi a gida kamar yadda aka tsare ni, kuma babu wanda ya tambaye shi ina ya wuni. Shi tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ake sa ran ya kawo wani abu gida, wannan ma nauyi ne da ni ba a ɗora mini ba.

Abin da nake gani a littafin makina yanzu shi ne, a ajin farko na kwalej ƴan mata ba sa bayan maza a lissafi ko kaɗan, sau da yawa ma su ke gaba, don sun fi zuwa kullum, sun fi kula da kaye. Daga katiriyam sai abin ya fara juyawa, kuma in na bi diddigi nakan tarar da abin da na sani: an yi wa uwa haihuwa, ko an fara zuwa zance, ko aikin gida ya koma kanta don yayarta ta yi aure. Maza kuma su rabu biyu, waɗanda suka riƙe allon fada su yi sama, waɗanda titi ya ja su ɓace gaba ɗaya. An samu sauyi, ba na musu. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, a 2021 kuma aka buɗe gidan kwanan ƴan mata ƴan kwalej a Kelle, cikin yankin Gure, wanda amsa ce ga tambayar nan ta Baba, wa zai riƙe ki. Sai dai doka ba ta ɗebo ruwa, kuma ba ta shiga zauren da ake yanke shawara.

In na tambayi ƴan matan ajina me suke so su zama, amsar ba ta wuce likita, ungozoma, malama. Ba na raina ko ɗaya. Duk macen da ta taɓa naƙuda ta san darajar ta tarar da mace ƴar'uwarta a ɗakin haihuwa, ni ma kuma malamar ce. Amma nakan ƙara tambaya, don me? Wata ta ce don ta taimaki mutane. Wata kuwa ta faɗi gaskiya, ta ce mamanta ta ce aikin da miji ke bari ke nan, malama tana tashi da wuri, tana da dogon hutu. Yarinya ƴar shekara goma sha uku ta riga ta auna burinta da yardar mijin da ba ta ma san shi ba.

Na sa kafinta ya yi mini allo, na kafa shi a tsakar gidana. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar ƴan matan turwaziyam na unguwa suna zuwa, mu yi tambayoyin BEPC na shekarun baya, su tashi kafin magariba. Iyaye sun yarda don gidan matar aure ne, kuma sun san ni. Ba na ba su shayi, sai dai ruwan sanyi in akwai kuran. Dokata ɗaya ce, kowa sai ta hau allo, kuma ba a dariya in an yi kuskure.

Bana akwai wata a cikinsu da ke son lisen fasaha. Ubanta direban babbar mota ne. Na je gidansu na gaishe shi, na nuna masa makinta, na gaya masa akwai wata ƙawata malama a Maraɗi da ta yarda ta riƙe ta kamar ƴarta. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Madam, na gode, amma sai na yi shawara da yayata, ita ta yi mini tarbiyyarta." Yayar tana Magarya. Na karɓi lambar wayarta a wurin uwar yarinyar, na kuma roƙi Gwaggo, wadda yanzu ta tsufa kuma ba ta da abin alfahari a unguwa kamar ta ce ƴar ƙanenta ta yi jami'a, ta raka ni mu je mu same ta ranar Juma'a. Ta ce za ta je in dai ni zan biya kuɗin mota.